Yadda Ake Samun Ƙwarewa Daga Wasan Ɗaukar Hali a Intanet

Akwai wani nau'in wasa da ake yi a intanet wanda ba ya buƙatar komai sai abin rubutu da abokan yi. Mutum biyu, ko biyar, ko hamsin, sukan haɗu su ƙaga wata duniya, kowannensu ya ɗauki tauraro guda ya riƙa magana da aiki da yawunsa, labari kuma ya riƙa tsirowa daga abin da kowa ya rubuta, ba tare da wani ya san inda zai tsaya ba. Wannan shi nake kira wasan ɗaukar hali. Masu yinsa sukan ce ya gyara musu alƙalami, ya koya musu sauraro da sasanci da jan ragamar jama'a, kuma na yarda da su, amma da sharaɗi guda: ƙwarewar ba ta sauko wa mutum don kawai ya daɗe a cikin wasan. Na san wanda ya kwashe shekaru yana yi bai ƙaru da komai ba sai saurin buga haruffa. Abin da ke koyarwa a wasan shi ne cewa rabin labarin ba a hannunka yake ba, kuma wanda ya iya zama da wannan gaskiyar shi ne yake fita da wani abu.

Yana da kyau mai shiga ya san cewa gidan da zai shiga tsoho ne. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana bayyana duniya, sauran suna faɗin abin da taurarinsu za su yi. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw, ya fara rubuta manhajar da ya kira MUD, Richard Bartle ya karɓe ta daga baya ya faɗaɗa ta, ta zama wurin da mutane da yawa ke yawo a duniya guda wadda duk rubutu ce. Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro IRC, tsarin hira ta rubutu kai tsaye a intanet, a Finland a 1988, Pavel Curtis ya buɗe LambdaMOO, wata duniyar ta rubutu, a 1990, inda mazauna ke gina ɗakunansu da kayansu ta hanyar siffanta su, sannan Discord, dandalin hira ta rubutu da murya, ya zo a 2015 ya tattara da yawa daga cikin masu wannan sha'awa. Amfanin sanin wannan shi ne mutum ya gane cewa dokokin da zai tarar a liƙe a ƙofar kowace ƙungiya ba son mulki ya kawo su ba. Kusan kowace doka tabon wata rigima ce da aka sha yi tun kafin a haifi yawancin masu wasan na yanzu.

Zaɓen ƙungiya

Kada ka yi rajista ka fara rubutu a rana guda. Ka zauna mako ɗaya kana karatu kawai, kana lura da abu uku: saurin wasan, tsawon abin da kowa ke rubutawa, da yadda shugabanni ke yi idan mutum biyu suka saɓa. Akwai ƙungiyoyin da ake wasa kai tsaye, layi bayan layi, na awa biyu ko uku a zama ɗaya, waɗanda ke horar da saurin tunani. Akwai kuma waɗanda kowa ke ajiye sakin layi biyu ko uku sau ɗaya a yini, waɗanda ke horar da tsara jimla da gyara ta. Wanda yake son alƙalaminsa ya nuna, na biyun ya fi masa. A Discord, saƙon mai amfani na yau da kullum ba ya wuce haruffa 2000, kuma wannan iyakar, ko da yake tana ba wasu haushi, ta koya wa mutane da dama yanke surutu. Dokar dandalin ita ce sai mai shekara 13 zuwa sama, wasu ƙasashe ma sun ɗaga adadin, kuma ƙungiya mai hankali takan raba manya da yara ko ta faɗi a sarari wa take karɓa. Inda ba a yi maganar shekaru ko kaɗan ba, a wuce.

A 1996 Bartle ya kasa masu wasa a irin waɗannan duniyoyi gida huɗu: masu son cin nasara, masu son bincike, masu son hulɗa, da masu son rinjayar wasu. Ba dole ba ne a ɗauki rabon a matsayin hukunci, amma yana taimaka wa mutum ya tambayi kansa abin da ya zo nema, domin mai son hira mai zurfi tsakanin taurari ba zai ji daɗin ƙungiyar da kullum yaƙi ake yi ba.

Gina tauraro

Yawancin ƙungiyoyi za su ba ka takardar tauraro ka cike: suna, shekaru, kama, tarihi, baiwa. Kuskuren sabon shiga kusan iri ɗaya ne a ko'ina, wato ya ƙera tauraron da ya fi kowa kyau, ya fi kowa ƙarfi, ba ya tsoro, ba ya kuskure. Irin wannan ba ya buƙatar kowa, kuma wanda ba ya buƙatar kowa ba shi da abin yi a labarin haɗin gwiwa. Ka rage lokacin da kake ɓatawa a kan launin ido, ka amsa tambaya huɗu: me yake so wanda ba zai iya samu shi kaɗai ba, me yake tsoro, wane hali ne ke jawo masa matsala, kuma me yake ɓoyewa. Mai gadin ƙofar birni wanda bashi ya yi wa katutu, yake tsoron a kore shi, yake da saurin fushi, kuma ya taɓa karɓar toshiyar baki sau ɗaya, ya fi jarumin da ba ya jin sara amfani sau goma, domin duk wanda ya zo ƙofar nan yana da zaren da zai ja.

Idan manufarka ta haɗa da koyon fahimtar mutane, to ka ɗauki tauraron da ya saɓa da kai a wani abu mai muhimmanci. Mai yawan magana ya gwada miskili, mai saurin yafiya ya gwada mai riƙo. Aikin shi ne ka samo dalilin da zai sa mutum mai hankali ya yi abin da kai ba za ka yi ba, ka rubuta shi ba tare da ka mai da shi abin dariya ba.

Yadda ake rubuta juyi

A nan ne wasan yake, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Juyi shi ne abin da ka rubuta idan layi ya zo kanka. A ce abokiyar wasanka tana riƙe da wata baƙuwa da ta iso ƙofar birni bayan an rufe, ta rubuta cewa baƙuwar ta miƙa wasiƙa mai hatimi tana cewa dole ta ga shugaban birni a daren nan. Ga yadda sabon shiga kan amsa:

"Mai gadi ya fizge wasiƙar, ya yaga ta, ya ture baƙuwar ta faɗi ƙasa tana kuka, sannan ya sa aka jefa ta a kurkuku inda ta kwana tana nadama."

A jimla ɗaya ya yi wa abokiyarsa hawan ƙawara sau huɗu. Ya yanke cewa fizgar ta yi nasara, ya yanke cewa ta faɗi, ya sa mata kuka, ya shiga zuciyarta ya dasa nadama. Bai bar mata komai ba sai ta ce to. Wannan shi ne laifin da kusan kowace ƙungiya ke sa wa a sahun farko na abubuwan da ta hana. Ga wata amsar:

"Mai gadi bai karɓi wasiƙar ba. Ya ɗaga fitila ya haska hatimin, ya daɗe yana kallonsa fiye da yadda ya kamata, sannan ya waiga ya tabbatar abokin aikinsa yana can nesa. 'Ba a buɗe ƙofa bayan ƙararrawa ta uku,' in ji shi da ƙarfi. Sai ya rage murya: 'Wa ya ba ki wannan?' Ya miƙa hannu zai kama gefen takardar."

Wannan juyin ya yi aiki uku. Ya amsa abin da aka ba shi, domin wasiƙar da ta kawo ta zama abu mai nauyi. Ya ƙara sabon abu, wato alamar cewa mai gadin ya san hatimin kuma yana da abin ɓoyewa. Sannan ya bar ƙofa a buɗe: ya miƙa hannu, amma ko ya kama takardar ko baƙuwar ta janye, wannan nata ne. Ƙa'idar a taƙaice ita ce ka rubuta yunƙuri, ka bar sakamako ga mai tauraron da abin zai shafa. Da farko wannan yakan yi kama da ɗaure wa kai hannu, amma bayan wata biyu mutum zai lura cewa ya fara karanta juyin abokinsa sau biyu kafin ya amsa, yana neman abin da aka ajiye masa a ciki, kuma wannan karatun na biyu shi ne ainihin sauraro. Yawancinmu a hira ta yau da kullum muna jiran mai magana ya numfasa ne kawai mu saka tamu. A wasan nan wanda ya yi haka za a gane shi nan take, domin amsarsa ba za ta taɓa abin da aka faɗa ba.

'Yan wasan kwaikwayon da ake ƙagawa nan take a kan dandamali, irin waɗanda suka yi suna a birnin Chicago, suna da ƙa'idar da suke kira "e, kuma", ma'ana ka karɓi abin da abokinka ya kafa sannan ka ɗora a kai. Masu wasan ɗaukar hali sun are ta, sai dai ana yawan yi mata gurguwar fahimta. Ba tana nufin tauraronka ya amince da komai ba ne. Mai gadin nan ya ƙi buɗe ƙofa, kuma bai karya ƙa'idar ba. Kai marubuci ne za ka ce e ga gaskiyar da aka kafa, cewa dare ne, akwai wasiƙa, akwai gaggawa. Da ka rubuta cewa ai rana ce tsaka kuma ƙofa a buɗe take, da ka rushe ginin abokiyarka.

Laifi na biyu da ake yawan tsawatarwa a kai shi ne cakuɗa sanin marubuci da sanin tauraro. Ka karanta a wani zauren hira na ƙungiyar cewa baƙuwar 'yar leƙen asiri ce, amma mai gadinka bai ji ba, bai gani ba, saboda haka dole ya ci gaba da mu'amala da ita a cikin duhu, ko da kai kana ganin ramin da zai faɗa. Riƙe tunani biyu a lokaci guda, abin da ka sani da abin da wani ya sani, horo ne da ke da amfani ga duk mai koyarwa ko mai yi wa wani bayani, domin yawan bayanin da ba a fahimta yana lalacewa ne a daidai inda mai yinsa ya manta cewa mai sauraro bai san abin da shi ya sani ba.

Ta fuskar salo kuwa, ka ba kowane juyi abu ɗaya da ake gani ko ake ji, kamar fitilar da aka ɗaga ko muryar da aka rage, ka bar abokin wasa ya hakaito abin da ke zuciya. Ka kuma daidaita tsawon rubutunka da na abokanka. Wanda ya amsa sakin layi uku da kalma biyar ya raina su, wanda kuma ya amsa layi biyu da shafi guda ya wuce makaɗi da rawa.

Magana a wajen labari

Ƙungiyoyi sukan raba zance gida biyu, na cikin labari da na wajensa, waɗanda suke taƙaitawa da haruffan IC da OOC, kuma sau da yawa ana sa zancen waje a cikin baka biyu ko a keɓe masa zaure na daban. Mutane sukan ɗauka cewa ƙwarewar hulɗa a cikin labari ake samunta, alhali mafi yawanta a wannan zauren na waje take. Kafin a fara sabon labari, a yi zaman share fage: wane irin labari muke so, me ba za a taɓo ba sam, me za a ambata a wuce ba tare da siffantawa ba, sau nawa kowa zai iya rubutu a mako, kuma ana yarda tauraro ya mutu ko ba a yarda ba. Wasu suna amfani da abin da John Stavropoulos ya ƙirƙiro don wasan tebur, kati mai alamar X wanda kowa zai iya taɓawa idan abu ya dame shi, a sauya hanya ba tare da an titsiye shi da tambaya ba. A rubuce, aika harafin kaɗai ya wadatar.

Ni kaina na taɓa yin kuskure a nan. A wata ƙungiya da na zauna, tauraron wani ya ci amanar nawa a tsakiyar labari, abin da ya dace da halinsa sarai, amma ni na kwana biyu ina jin zafin mutumin kamar ni ya yi wa. Maimakon in yi magana, sai na riƙa amsa masa da juyi gajeru masu sanyi, shi kuma ya ɗauka na gaji da labarin, har ya daina rubutu. Da muka yi magana daga baya, minti biyar ta ishe mu warware abin da ya ci mana mako uku. Masu wasa suna da suna ga wannan yanayi, wato tsiyayar ji daga tauraro zuwa mai shi ko daga mai shi zuwa tauraro, kuma ba abin kunya ba ne, alama ce ta cewa labarin ya kama. Maganinsa shi ne a tsaya, a fita waje, a faɗa da kalmomi masu sauƙi: "Wannan fage ya taɓa ni fiye da yadda na zata, ka ba ni zuwa gobe, sannan mu tattauna inda muke son kai shi." Ka yi maganar a keɓe, ka ambaci abin da aka rubuta da yadda ka ji, ka bar zargin niyya, domin rubutu ba shi da fuska ko murya, kuma jimlar da ka karanta da fushi mai yiwuwa an rubuta ta da murmushi.

Karɓar jagoranci

Bayan wata uku ko huɗu, ka nemi a ba ka jagorancin ɗan gajeren labari na zama biyu ko uku. Jagora shi ne ke riƙe da duniya da duk taurarin da ba na kowa ba, shi ke yanke hukunci idan yunƙuri biyu suka ci karo, wani lokaci da taimakon ɗan lido mai fuska ashirin da manhaja ke jefawa. Za ka shirya hanya ta dama, 'yan wasa su bi ta hagu, kuma a nan za ka koyi shirya yanayi da mutane masu buƙatu maimakon shirya ƙarshe. Za ka koyi lura da wanda ya yi shiru ka aika masa wani tauraro ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, ka kuma rage wa mai mamaye fage ba tare da ka kunyata shi ba. Idan yunƙurin wani ya faɗi, kada ka ce bai yi ba kawai. Ka sa faɗuwar ta haifi sabuwar matsala, misali makullin ya buɗe amma ƙararsa ta tashi masu gadi. Sauran aikin kuwa ba shi da armashi: tsayar da lokaci ga mutanen da agogonsu ya bambanta da awa shida ko takwas, rubuta taƙaitaccen abin da ya faru bayan kowane zama, da tunatar da wanda juyi ya tsaya a kansa cikin ladabi.

Mai da wasa ya zama horo

Ba sabon abu ba ne a yi amfani da ɗaukar hali don koyo. Jacob Moreno, likitan ƙwaƙwalwa da ya fara aikinsa a Vienna, ya gina hanyar jinya a kan sa mutane su kwaikwayi yanayin rayuwarsu, kuma a 1963 Howard Barrows ya fara horar da mutane su yi kamar marasa lafiya domin ɗaliban likitanci a Jami'ar Kudancin Kalifoniya su gwada kansu. Abin lura a irin waɗannan tsare-tsare shi ne kwaikwayon ba ya tsayawa shi kaɗai, ana bin sa da zaman bita, kuma wannan zaman ne masu wasa don nishaɗi suka fi tsallakewa. Saboda haka ka ɗora wa kanka shi. Kowane wata ka zaɓi abu ɗaya da za ka gyara, ko zancen taurari, ko buɗe fage, ko taƙaitawa. Idan labari ya ƙare, kada ka tambayi abokinka ko ya yi kyau, domin zai ce ya yi. Ka tambaye shi wane juyi ne ya fi ba shi wahalar amsawa, da kuma inda ya ji an rufe masa hanya. Ka adana rubutunka, ka koma ka karanta na wata shida da suka wuce, ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da kake maimaitawa. Idan kuma wata rana kana son ambaton wannan a neman aiki, ka faɗi abin da ka yi a zahiri, cewa ka tsara jadawalin mutum goma sha biyu a ƙasashe daban-daban na tsawon shekara, ka rubuta dokoki, ka sasanta saɓani.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Wasan ba ya koyar da tsayuwa a gaban jama'a ko karanta fuska, sai dai in ƙungiyar tana yi da murya, kuma yana iya cinye dare idan ba a yanka masa lokaci ba. Kada ka ba da cikakken sunanka, ko adireshinka, ko hotunanka ga wanda tauraronsa kawai ka sani, kuma duk wanda ya matsa maka ku koma keɓe ku rubuta abin da ka ce ba ka so, ka kai ƙararsa ga shugabannin ƙungiya ka toshe shi.

Ranar da jarrabawa ko aiki ko gajiya za su raba ka da wasan kuwa, kada ka ɓace ba sallama, domin akwai mutum uku ko huɗu da labarinsu ke rataye a kan juyinka. Ka rubuta a zauren waje cewa za ka tafi na mako kaza, ko gaba ɗaya, ka faɗi abin da ka yarda a yi da tauraronka, sannan ka rubuta masa juyin ƙarshe da zai fitar da shi daga fage: an sauya wa mai gadin wurin aiki zuwa ƙofar arewa, ya bar mabuɗi a hannun abokin aikinsa, ya kuma bar wa baƙuwar saƙo a ƙarƙashin fitila.